Kafaɗa da Kafaɗa a Gaban Allo

Ranar da mai ɗinki ta fara zuwa ajin Turanci na bayan la'asar, malamin ya ɗago ya gan ta, alli ya kuɓuce masa. Ta lura, kuma ta ji daɗi.

Malam yana da wata ɗabi'a: ba ya koyar da komai sai ya fito da mutane gaban allo. Da aka zo darasin kwatanta abubuwan da suka yi daidai, ya kira ta, ya kira wata ɗaliba mai sayar da turare, ya jera su kafaɗa da kafaɗa.

"Ku duba, tsayinsu ɗaya. As tall as. 'As' na farko yana nuna daidaito, na biyu yana nuna da wa ake aunawa."

Washegari ma su biyun, a kan ƙoƙari. Bayan nan a kan tsafta. Mai turare kuwa sai fari take da ido, ƙamshinta ya cika aji. Kai, kishi bai yi ba! Mai ɗinki ta koma shago tana taka keke kamar shi ya yi mata laifi, ta daina zuwa.

Saƙonsa ya shigo: "Ɗalibata, kujerarki babu kowa. Lafiya?"

"Ka zaunar da mai turare. Ai ka ce daidai muke."

"Wallahi ke nake so kusa da ni. In ke kaɗai nake kira, 'yan aji za su sa ki a baki. Ita ce kawai tsayinku ya zo ɗaya."

"To ka auna ta da tsintsiya."

Ta ajiye wayar tana murmushi.

Da maganar aurensu ta kai gida, Babanta ya ƙi. "Na tura ki karatu, kin kwaso mini malamin? Wanda ya kalli ɗaliba yau, gobe wata zai kalla."

Ta yi kuka sosai, don tsoronta ke nan. Ta rubuta masa: "Ina son ka, amma ba zan iya zaman zullumin sababbin ɗalibai ba."

Sai ga shi gaban Baba ya durƙusa, yana bayanin cewa ya roƙi shugaban makaranta, an mayar da shi ajin direbobi, duk maza masu gemu.

Baba ya yi dariya har da tari, ya ba shi aurenta.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma, 'yar nan, ki sassauta masa."

"Amin, Baba," in ji ta. "Sassaucin dai sai na gani."