Jikin Soso

"Tir! Ku cire min abin nan kafin in yi amai!"

Siririya ce ke ihu a bayan labule, tana fizgar igiyoyin jikin soson da aka ɗaura mata. Tela ta durƙusa tana kwance mata, allura a baki.

Ita ta ɗinka shi. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa za ta nuna labarin wata mai ƙiba da aka so tsakani da Allah, amma Darakta ya ce ba mai zaman kallon mai ƙiba ta gaske. Sai ya zaɓi Siririya, ya sa Tela ta yanka tsohuwar katifa ta yi mata ciki da ƙugu da damatsa.

"Da wane awo?" ta tambaya a ranar.

"Da naki mana," in ji Dogo mai gyaran wuta, saurayinta, wanda zai fito a masoyin.

Soson ya sha gumi har ya yi baƙi, yana wari kamar jiƙaƙƙen takalmi. Idan aka ajiye shi a kujera sai ya zauna da kansa, ba kai ba ƙafa, kamar mai jiran likita. Har tsaka ta taɓa yin ƙwai a hammatarsa.

"Ke dai kina ƙoƙari, 'yar uwa," Siririya ta ce wa Tela tana fifita. "Ni nawa cirewa nake."

Aka kwashe da dariya. Dogo ya duƙufa kan wayoyinsa.

Da aka tashi daga gwajin wasan ya rako Tela ta lungun bayan makaranta, inda kwata ke gudu, inda ba kowa. Kullum ta nan ne.

"Zumata, kin yi shiru..."

"Me ya sa ba ma bin titi?"

"Kin san halin Mama. Cewa take sai kin rage. Amma gobe za ta zo kallo, zuciyarta za ta yi laushi, ki gani. Duk abin da zan faɗa a dandali, ke nake faɗa wa, wallahi!"

Ta yarda. Har turare ta fesa wa soson.

Washegari da hantsi ɗakin taro ya cika, Mama a sahun gaba. Tela ta nemi almakashinta, ta tsince shi kan jakar Siririya. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Aka zo wurin da take jira. Dogo ya durƙusa, ya dafa ƙirji.

"Yadda kike nake son ki! Ko tsoka ɗaya kada a rage!"

Siririya ta ja dogon numfashi, igiyar da ta datsa tun ɗazu ta ƙarasa tsinkewa.

Ciki ya faɗi, tim!

Ƙugu ya bi shi, ya gangara. Ga ta tsaye cikin matsattsiyar rigarta, tana lumshe ido.

Ɗaki ya ɗauki ihu. Mama ta miƙe tana tafi.

"Yawwa, ɗana! Yanzu na ga mace!"

Dogo ya waiwayi labule. Idonsa ya haɗu da na Tela. Hannu kawai take jira ya miƙo mata...

Sai ya juya, ya yi ƙwallo da cikin soson, ya faɗi abin da ba ya cikin wasan.

"Ashe Allah ne ya cece ni!"

Tela ta saki labulen. Ta sha jin ƙyamar kanta a gaban madubi, amma yau ba kanta take ƙyama ba.

Da aka watse ta tattara gutsattsarin, ta zauna bakin dandali tana haɗawa. Dogo ya zo yana sosa ƙeya.

"Zumata... wasa ne fa! Ceton wasan na yi, har Darakta ya yaba..."

Ta ciji zare, ta ɗora masa jikin a hannu.

"Riƙe."

"Me zan yi da wannan ƙazantar?"

"Awona ne, kai ka zaɓa. Ka bi da ita ta lungu, ba za ta tambaye ka titi ba. In Mama ta ce a rage, ga almakashi."

"Haba, farin cikina, tsaya mana!"

Ta fita ta babbar ƙofa, rana tsaka, ta hau tsakiyar titi tana tafiyarta a natse.

Shi kuwa yana nan rungume da soson, kai a kauce, ya rasa inda zai ajiye.