Ba a Zama a Kan Gora

"Kwashe su! Kwashe akwatunanka tun ban sa musu ashana ba!"

Ni da kaina na jawo su har zauren Gwaggo Binta, inda ni da Baba muka fake, akwatuna shida na lefen da danginsa suka kawo wata biyu kafin ruwa ya ci garinmu. Barista Abdulwahid yana tsaye a bakin ƙofa cikin baƙar kwat, da alama daga kotu yake, ko gida bai biya ba.

"Ummussalma, ki saurare ni..."

"Kar ka ƙara kiran sunana da bakin da za ka kare wanda ya kashe uwata!"

"Ba a tabbatar shi ya yi ba, Ummu."

"Tir! Tir da kai, tir da aikinka!"

Na tofar da yawu a gefen takalminsa. Wallahi a ranar ko ƙamshin turarensa, wanda a da nake shinshina a gyalena bayan ya tafi, tayar mini da zuciya yake yi.

Duk Haɗeja babu wanda bai san Barista Abdulwahid Garba ba. Shekara goma sha biyu yana kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuka, daga satar shanu har kisan kai. Daga Jahun, daga Miga, har daga Kano ake zuwa nemansa, kuma mutanen kasuwa "Barista Ba-ka-yi-ba" suke kiransa. Tun farko Baba bai so shi ba. Cewa ya yi, "Mutumin da abincinsa ke fitowa daga aljihun ɓarayi, yaya zan ba shi 'yata?" Ni ce na yi ta kuka da rantse-rantse har ya haƙura.

Ai kuwa na ga sakamakon kafiyata.

Garinmu, Yelwan Fadama, a bakin kogi yake, kuma abin da ke raba mu da ruwa duk damina shi ne jingar da kakanninmu suka ɗaga da ƙasa, muke ƙara mata buhunan yashi kowace shekara. Wata Juma'a da rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci a garin gaba, wani mara tsoron Allah ya sa diga ya fasa ta. Ina Haɗeja a makarantar da nake koyarwa. Mata suka ɗebi yara suka gudu tudu. Innata mai ciwon ƙafa ce, ba ta kai ƙofa ba ɗakin ya rufta da ita.

Aka kama Ya'u masunci. Kowa ya taɓa jin sa yana ƙorafi wai jingar ta toshe masa hanyar kifi, har ya ce wata rana sai ruwa ya ci ta. Ga kuma shaida da ya ce ya gan shi da idonsa.

Wannan Ya'un ne mijin da zan aura ya ɗauki shari'arsa!

"Ummu," ya ce a hankali, "Inna uwata ce ni ma. Ni na sauke ta a kabari tare da Baba."

"Shi ya sa abin ya fi ba ni ƙyama!"

"Kin san mahaifina a gidan yari ya rasu. An ce ya saci saniya a kasuwar Birniwa, shekara huɗu yana jiran shari'a, babu wanda ya tsaya masa. Bayan ya rasu aka kama ɓarawon. Ya'u ba shi da kowa, zuciyata. In ban tsaya ba..."

"Ni ba zuciyarka ba ce! Je ka auri Ya'u!"

Baba ya fito daga cikin gida yana dogara sanda. Tsohon masunci ne, Malam Usaini, bai iya doguwar magana ba.

"Yaro, ka ji abin da ta ce. Ɗauki kayanka. In ka sake taka ƙofar nan, ban yafe ba."

Ya sunkuya ya ɗauki akwatin farko da kansa. Da ya zo ɗaukar na ƙarshe ya dube ni, idonsa jajir.

"Ranar Talata za a saurari shaida. Ki zo, ko don ki tsine mini a gaban jama'a."

"Zan zo kuwa!"

Tun kafin ƙurar motarsa ta kwanta Gwaggo Binta ta fara kiɗanta.

"Allah ya raba ki da ƙaya! Ga mutumin kirki nan kin ƙi shi tun bara, dubi yadda yake ɗawainiya da mu."

Alhaji Shu'ibu take nufi, babban manomin shinkafa, wanda gonarsa ke ƙetaren kogi daidai garinmu. Ya nemi aurena na ce ina da wanda nake so. Amma tun da abin nan ya faru kullum yana gidanmu. Shi ya kawo tabarmin zaman makoki. Da aka zo sadakar arba'in ɗin Inna, sabuwar shinkafar gonarsa ya aiko buhu-buhu, aka dafa, gari ya ci, ni ma na ci ina hawaye ina sa masa albarka. Har shaidan da ya ga Ya'u direbansa ne, wani ɗan birni mai suna Auta.

Da yammar nan ma sai ga shi, babbar riga tana jan ƙasa.

"Ranki ya daɗe, na ji labari. Ki yi haƙuri, ai kowa da irin tarbiyyarsa."

Na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna ya ci gaba.

"Ni dai ƙofata a buɗe take. Ba na gaggawa."

"Ka bari a gama shari'a, Alhaji."

"Shari'a ai ta ƙare, gimbiya. Auta ya gan shi ƙuru-ƙuru."

Ba zan ɓoye ba, a ranar na fara tunanin amsa masa. Ba don so ba. Don in ƙona zuciyar wancan ne kawai.

Ranar Talata kotu ta cika da mutanen garinmu, masunta da manoma, wasu ma a tsaye. Na zauna kusa da Baba. Alhaji Shu'ibu yana layin gaba yana jan carbi. Aka shigo da Ya'u ya rame kamar kara, na kawar da kaina. Da Barista ya miƙe da gashin lauyoyin nan a kansa, ji na yi kamar in cire takalmi in jefe shi.

Auta ya rantse, ya zuba bayaninsa tsaf kamar karatun allo. Yana gefen gonar Alhaji yana gadin injin ban-ruwa, sai ya hango Ya'u ya ƙetara kogi a kan gora, da diga, ya hau jingar ya fara sara.

Barista ya matso kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam Auta, a ina aka haife ka?"

"A birni, yallaɓai."

"Ka iya ruwa?"

"A'a."

"Amma ka ga Ya'u sosai a kan goran?"

"Kamar yadda nake ganin ka."

"Madalla. Yaya yake a kai?"

"A zaune."

"A zaune?"

"Ƙwarai. Ya yi zamansa daram kamar mai hawan jaki, diga a kafaɗa, yana tuƙi da sanda."

Na ɗago kai da sauri.

Barista ya bar Auta a tsaye. Juyowa kawai ya yi ya dube ni, sau ɗaya.

Bara da kaka na kai shi garinmu gaida Inna. Ya ga masunta suna yawo a ruwa a kan manyan gorunansu, ya ce shi ma sai ya gwada. Da farar shaddarsa ya ɗare kan gora ya zauna, wai shi mai ilimi. Ko ƙiftawar ido bai yi ba goran ya juye da shi, tsundum! Na yi dariya har na riƙe ciki. Inna ta ba shi zanenta ya ɗaura kafin kayansa su bushe. Ni da bakina na ce masa, "Barista, ba a zama a kan gora! Rub-da-ciki ake yi a kansa, a yi tuƙi da hannu da ƙafa. Ko jaririn garinmu ya san wannan."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Wani tsoho a baya ya ce, "A zaune? Sai dai in aljani ya gani!" Baba ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Ƙarya yake yi," ya ce. "Ummu, yaron nan ƙarya yake yi."

Alƙali ya buga tebur aka yi tsit.

"Ya mai shari'a," in ji Barista, "na zo da goran Ya'u, yana waje. Ina roƙon kotu ta je bakin kogi. A zaɓi duk masuncin da aka ga dama, in ya iya zama a kai da diga a kafaɗa ya ƙetara, ni da kaina zan janye."

Ya juyo kan Auta.

"Ka rantse da Alƙur'ani ɗazu. Mace ta mutu a ruwan nan. In ba Ya'u ka gani ba, me ya hana ka zuwa masallaci ranar? Wa ya riƙe digar?"

Gumi ya wanke wa Auta fuska. Ya dubi layin gaba, ya dubi alƙali, ya sake duban layin gaba.

"Wallahi... wallahi ni sau biyu kawai na sara! Alhaji ne ya ce in ba a buɗe wa ruwan hanya ta can ba, shinkafarsa zai kwanta a kai! Ya ce mutane duk sun fita!"

Carbin Alhaji Shu'ibu ya faɗi ƙasa.

Ban ji sauran ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro: shinkafar. Shinkafar da ta tsira saboda an juya ruwa kan uwata, ita muka dafa muka yi mata sadaka. Ita na ci. Har ƙari na yi, har albarka na sa!

Da gudu na fita. A gindin wata bishiyar maina na durƙusa na yi ta amai, har sai da babu abin da ke fitowa sai ɗaci. Ƙyamar Alhaji ta kama ni, ta Gwaggo da zigarta, amma wadda ta fi duka ita ce ta kaina, ni da na tofa wa mai gaskiya yawu.

Aka miƙo mini ruwa ta bayana. Tun ban juya ba na gane turaren.

"Kurkure bakinki."

Na kurkure. Na kasa ɗaga ido.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na karanta bayanin Auta na wurin 'yan sanda. Na ga 'a zaune', sai na tuna zanen Inna."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa miki, da Gwaggo ta ji. Da Gwaggo ta ji, da an gyara wa Auta karatunsa kafin Talata. Ran Ya'u ne a hannuna, Ummu. Gara ki tsane ni."

Kuka ya ƙwace mini.

"Na tofa maka yawu..."

"A gefen takalmi ne. Ba ki iya saiti ba."

"Barista, don Allah ka daina wasa!"

"To na daina. Ki ji wata magana tun yanzu, don kar ki ce na yaudare ki. Ya'u bai yi ba. Amma gobe zan tsaya wa wani wanda wataƙila ya yi. Aikina ke nan, sai an tabbatar kafin a hukunta. In ba za ki iya ba, akwatunan su zauna a inda suke."

Kafin in amsa sai ga ƙanin Alhaji Shu'ibu ya taho yana haki, hula a hannu. Ko kunyar ganina bai ji ba.

"Barista, an tafi da Yaya! Ka taimaka ka karɓi shari'ar nan, babu wanda zai iya sai kai!"

Na zuba wa Barista ido.

"Ni ba zan iya ba," ya ce. "Wadda ta rasu uwata ce." Ya zaro biro ya yi rubutu a bayan katinsa. "Ga lambar wani lauya a Dutse. Ya ƙware. Ku kira shi yau."

Mutumin ya karɓa ya tafi.

"Har da taimaka musu?" na ce, zuciyata tana sake tashi.

"Shi ma sai an tsaya masa, Ummu. In an hukunta shi bayan an kare shi, babu mai cewa an zalunce shi."

Ban ji daɗin maganar ba, har yau ma ba na jin daɗinta. Amma na miƙa masa gorar ruwan, na ce, "Ka dawo da akwatunan."

Ba shi ya dawo da su ba. Baba ne ya tafi har ofishinsa da sandarsa ya janye maganarsa, ya taho da su, bayan ya biya ta gidan Ya'u ya nemi gafara. Gwaggo Binta kuwa sati guda ba ta haɗa ido da kowa ba.

Bayan an yanke wa Alhaji Shu'ibu da Auta hukunci aka ɗaura aurenmu. 'Yan biki suka yi ta tsegumi, wai bikin babban lauya guda, a Haɗeja garin shinkafa, amma sai tuwon dawa da miyar kuka da kifi. Na bar su suka yi ta yi. Kifin ma Ya'u ne ya kawo, kwando biyu, ya ƙi karɓar ko godiya.

Shekararmu uku yanzu. Ranar nan ya dawo daga kotu a gajiye, ya buɗe kwano, ya yi ajiyar zuciya.

"Tuwon dawa kuma, zuciyata?"

"In shinkafa kake so, ga gidan abinci can a bakin titi."

Ya dube ni, ya dubi zanen Inna da ke ninke a kan akwatina, wanda ya taɓa ɗaurawa.

Ya wanke hannu ya ce, "Matso mu ci."