Hon Ɗin Jirgin Wiebe

Wata takwas Wiebe ya yi yana neman abin da ya kashe hon ɗin ƙaramin jirgin ƙasansa na wasa, har ya rasu jirgin bai sake kuka ba. Matarsa Aaltje kuwa ta san dalili. Ita ta sa almakashi ta datse wata siririyar waya a cikin kan jirgin, ranar da ƙarar ta ishe ta. Sannan ta zuba masa ido kullum yana hawa ɗakin sama yana haki, ga ciwon ƙirji.

Bayan an binne shi, wata rana da almuru ana tsuga ruwa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum ne, hula ta rufe masa fuska.

"Daga ƙungiyar masu jiragen nake, Madam. An ce akwai wanda ya yi shiru."

Ta bi shi sama. Rigarsa a bushe take ƙamas. Matakalar katakon nan da ke ƙara ko kyanwa ce ta taka, yau shiru. Bai tambayi inda sukundireba take ba, ya miƙa hannu ya zaro ta daga tsohon gwangwanin kofi. Ya buɗe kan jirgin, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba lalacewa ba ce. Yankewa aka yi."

"Ni ce," in ji ta, bakinta na rawa. "Na so in gaya masa. Kullum sai in ce gobe."

Ya haɗa wayar. Hon ya tsala kuka.

"Ai tun makon farko na gani, Aal," ya ce, da muryar da ta shekara arba'in tana kwana kusa da ita. "Jira nake ki hawo ki faɗa."