Kwali Biyu na Maganin Hanta

Ƙarfe tara na safiyar Talata Madam Oluoma ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na Sabon Gari: an ɗauke kwali biyu na maganin ciwon hanta daga sitonta da ke Chikaji.

Insifekta Kevin ya duba ƙofar siton. Kwaɗon lafiya lau, taga ma ba a taɓa ta ba. A ciki ga sauran kwalaye jibge, kowanne da takardar kotu manne.

"Me ya haɗa kotu da kayanki?"

"Kamfanin da ya ƙirƙiro maganin shi kaɗai doka ta yarda ya sayar, sai wa'adinsa ya cika," in ji ta. "Kwalba ɗaya tasu ta fi albashin malamin makaranta. Wannan maganin iri ɗaya ne, amma wani kamfani ya yi shi da araha. Na yi gaggawar shigo da shi, lauyoyinsu suka sa aka rufe. Saura wata biyu wa'adin nasu ya cika. In aka ga ko ƙwaya ɗaya a waje, lasisina ya tafi."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Hephzibah, mai kula da sito."

Hephzibah tana zaune tana rubuta lambobi a jikin kwalaye. Ta ce tun Juma'a rabonta da wurin, ranar Lahadi kuwa a coci ta wuni a Samaru.

Maigadi Sebastian ya rantse bai ga kowa ba. Insifekta ya nuna masa sawun tayar Keke Napep a bakin ƙofar baya.

"To, wannan fa?"

Maigadin ya sunkuyar da kai. "Ranar Lahadi da rana ne, yallaɓai. Na dai ji an ce wa direba a tafi Bomo."

A Bomo wani mai kemis ya ce akwai tsohon malami, Malam Japheth, da kullum yake zuwa tambayar ko farashin maganin hanta ya sauka. Kwana biyu bai zo ba.

Insifekta ya same shi kwance a tabarma, idanunsa sun yi rawaya, ga kwalbar magani a gefensa.

"Baba, a ina ka samu wannan?"

"A kasuwa na saya."

"Bai shiga kasuwa ba tukuna, Baba."

Ya juya kwalbar. An rubuta da biro: ɗaya kullum bayan abinci. Rubutun da ya gani a jikin kwalayen sito ne.

Da ya koma Chikaji ya ajiye kwalbar a gaban Hephzibah. Ta daɗe tana kallonta.

"Ni ce," ta ce. "Mutum goma sha ɗaya na ba, kowa da takardar likita. Ban karɓi ko sisi ba. Tun da aka rufe siton nan mun binne biyu a cocinmu, ni kuma kullum ina zaune da maganin ina share masa ƙura."

"Ina sauran?"

"Suna gidana. Amma yallaɓai, wanda ya fara sha bai kamata ya tsaya a rabi ba."

"Shaida ce yanzu. Dole a kai ofis."

Madam Oluoma ta juya musu baya tana share ido. Insifekta ya sa kwalbar a aljihu, bai ciro ankwa ba. Ya buɗe wa Hephzibah ƙofar mota, ta shiga da kanta.

Suna hanya ta ce, "Kwalbar Baba Japheth ce a aljihunka. Bai sha na yau ba."

Da suka kai mararraba, Insifekta Kevin ya ce wa direba su fara biyawa ta Bomo.