Tsiren Suruki

"To ka faɗa mishi gaskiya mana!"

Muryar Safara'u ke nan daga wayar Armaya'u, ɗan ƙanwata. Wayar ta taɓa faɗawa randa, tun daga ranar ba ta magana sai a lasifika. Shi kuwa in ya taso daga makarantar da yake koyarwa, rumfata yake zama a kasuwar Tambuwal. Don haka duk soyayyar da suke yi, da ni da buhunan albasata ake yin ta.

"In faɗa mishi mi, Safara'u? In duƙa gaban babanki in ce, Baba, in na ci nama zawo nika yi?"

"To ba shi kaka yi ba?"

"Haba rabin raina..."

"Ajiye rabin ran nan tukuna! Baba ya rantse. Ya ce ranar Asabar kai da Kawu Bube za ku taho Kebbe, ka ci tsirensa a kan idonsa. In ba ka ci ba, babu sa rana!"

Armaya'u ya dafe ciki. Wasu in hankalinsu ya tashi ƙirji suke dafewa, shi nasa a ƙasa yake sauka.

Ga yadda abin yake. Shekara uku ke nan yaron nan bai sa nama a baki ba. Da can yana ci kamar kowa, sai ciki ya fara murɗa masa. Yau zawo, gobe ya ɗaure kamar an toshe da siminti, jibi ya kumbura ya yi tam. Babu jiƙon da uwarsa ba ta ba shi ba. Daga ƙarshe na kai shi wurin wani likita a Sakkwato, aka yi gwaji iri-iri, aka ce ba tsutsa, ba gyambo.

Likita ya ce, "Hanjinsa ne mai saurin fushi. Ba allurar da ke raba shi da shi. Sai dai ya gane abin da ke ɓata masa rai, ya bari."

Na ce, "Likita, hanji ma fushi shika yi?"

Ya ce, "Ƙwarai, Baba. Har gaba yana yi."

Armaya'u ya zauna yana lura. Nama, musamman mai maiƙo, shi ne babban abokin gaba, ya bar shi gaba ɗaya. Ya koma wa wake. Kwana biyu ajinsa ba wanda ya zauna a layin gaba. Ya bar wake. Nono ma ya ƙi shi. Albasa kuwa, abin da na yi shekara talatin ina ci da iyalina da shi, ko ƙanshinta a miya sai hanjin ya ɗaure fuska. Aka bar shi da tuwon shinkafa, miyar zogale ba albasa, dafaffen ƙwai, gyaɗa kaɗan, sai awara. Ya yi kyau kuwa, har kumatu ya ajiye.

Sai Allah ya tashi jarraba shi. Duk 'yan matan da ke tsakanin Sanyinna da Dogon Daji bai ga ko ɗaya ba, sai 'yar Ɗanmaliki mahauci, mutumin da ƙanshin tsirensa ke tarbar baƙo tun kafin ya ga gidajen Kebbe.

Duk zuwan da zai yi zance, sai an naɗo masa tsire a takarda. Ya ce kunyar gidan surukai ba za ta bar shi ya ci a nan ba, sai ya isa gida. Wata bakwai ana haka. Ni dai ban taɓa barin amanar nan ta kwana ba. Sai wani mai dogon baki ya je ya faɗa wa Ɗanmaliki cewa tsiren nan Bube ne ke ƙiba da shi.

Na karɓi wayar. "Ɗiyata, ki bari in yi mishi bayani ni da kaina."

Armaya'u ya fizge. "Kawu, don Allah a'a! Wane uba za shi ba da ɗiyarsa ga mutumin da ya san ƙofar kowane makewayi daga nan har Kebbe?"

Can Safara'u ta ce, "Ina da dabara."

Dabarar ita ce awara. Za ta yanka ta sala-sala, ta soke a tsinke, ta mulke da ƙuli-ƙuli da mai, ta gasa har ta yi ja. Babu albasa, babu tafarnuwa, yaji ɗan kaɗan. Babanta ne ke gashi, amma ita ke jera faranti. Za ta sa awarar a gefen da zai fuskanci Armaya'u.

"Masoyina, kai dai ka ci abin da ke gabanka, ka lumshe ido ka ce madalla."

"Allah shi bar mani ke, hasken idona."

Ni na ce amin, amma a raina na ce, a yaudari mahauci da tsire? To, yara dai sun fi mu boko.

Ranar Asabar da sassafe muka hau babur. Hanyar Kebbe ko mai lafiyayyen hanji sai ta sa ya tuna zunubansa. Sau biyu Armaya'u yana taɓa kafaɗata in tsaya. Fargaba kawai, tun bai ga nama ba.

Muka tarar da Ɗanmaliki a zaure kan tabarma, gajere, kakkaura, damatsansa kamar taɓare. Muka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi gero. Bai dubi Armaya'u ko sau ɗaya ba.

Safara'u ta shigo da faranti, kanta a ƙasa. Ta durƙusa ta ajiye daidai yadda aka shirya, ta fita. Na ga gefen mayafinta ya tsaya bayan ƙyaure.

Ɗanmaliki ya dubi farantin. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sa yatsa ɗaya a baki-bakinsa, ya juya shi a hankali, kamar yadda mai gida kan yi don ya fuskantar da tsoka mai kyau ga baƙon da yake girmamawa.

Awara ta dawo gabana. Gaban Armaya'u kuwa tozo ne, kitse na ɗiga.

"Bisimilla," in ji Ɗanmaliki. "Ga gidana babu kunyar suruki wajen nama."

Na ɗauki tsinke na gatsa. Jama'a, waken suya waken suya ne ko an sa masa rawani.

"Bube, ya kaj ji shi?"

"Madalla! Wallahi... a'a, ban rantse ba, amma ban taɓa cin nama irin wanga ba."

"Awo? Wane wuri na ga jikin saniyar?"

Na tauna, na dubi rufin zaure. "Kamar... wajen ƙirji. Can ciki-ciki."

"Can ciki-ciki," ya maimaita. Ya juya ga yaron. "Malam, kai muka jira."

Armaya'u ya dubi tozo. Ya dubi ƙyaure, inda mayafi ke rawa. Na ga leɓensa na motsi, ban sani ba ko bisimilla ce ko kalmar shahada. Ya ɗauki tsinke ya zare da haƙori.

Ɗaya. Biyu. Gumi ya keto masa. Uku.

"Ya isa, ɗana," na ce a hankali.

"Akwai daɗi, Baba," ya ce da Ɗanmaliki. Ya ɗauki na huɗu.

Aka koma hira. Ba a yi rabin sa'a ba muka ji ƙugi, gurrr, kamar babur ya ƙi tashi. Ɗanmaliki ya leƙa waje ya ga ko wani ne ya zo. Ƙugin ya sake, wannan karon har da amshi.

Armaya'u ya miƙe tsaye, ƙafafu a haɗe. "Baba... a ba ni buta. Zan yi salla."

"Salla? Yanzu? Rana ko tsaka ba ta yi ba."

"Walaha, Baba!"

Ya suri buta ya yi bayan gida da wata irin tafiya da ba gudu ba, ba kuma tafiya ba. Ya dawo fuska ta yi fari fat, ya zauna. Bai gama naɗe ƙafa ba ya sake miƙewa.

"Walaha kuma?"

"Na yi rafkanuwa, Baba!"

A karo na uku ko magana bai tsaya yi ba.

Ɗanmaliki ya juyo gare ni, babu alamar dariya. "Bube, shekara arba'in nika fawa. Tsinke goma sha biyu na gasa da hannuna, faranti ya fito da sha takwas. Kuna tsammanin ban san fuskar awara ba? Har ɗiyata anka koya ma ƙarya, don kada malamin makaranta shi taɓa abin da hannun mahauci ya taɓa. Na tilasta mishi ya ci, ga shi can shina amayar da shi!"

"Ba amai ba ne," na ce. "Ta ɗaya ƙofar ce."

"Duk ɗaya! Ku tashi ku..."

"Baba!"

Safara'u ce ta faɗo zauren, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta zube gabansa.

"Baba, ni na yi awarar, ba shi ya sa ni ba. Ba shi da lafiya! Shekara uku bai ci naman kowa ba, ko na layya, ko na gidansu. Likita ya ce hanjinsa na da saurin fushi. Ya san abin da tozon nan zai yi mishi... ya sani, Baba, kuma ya ci fuɗu!"

Daidai nan Armaya'u ya shigo yana bin bango, buta a hannu. Ya ga ta tona. Ya sulale ya durƙusa.

Ɗanmaliki ya dube shi, karo na farko tun zuwanmu. "Gaskiya ta?"

"Gaskiya ce, Baba."

"Mi ya hana ka faɗi?"

"Kunya... da tsoro. Na ce in kun ji za ku ce ba namiji ba ne, ku hana ni ita. Ni kuwa, Baba, zan iya rayuwa ba nama har in mutu. Safara'u ce ban iyawa."

Ko hanjin ya saurara.

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai yana murza tsinke tsakanin yatsu. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce ta kasuwa.

"Yayarta Lauratu, shekara biyu wani yaro na nemanta. An sa rana, an gaya ma dangi. Saura sati ukku sai danginsa sunka aiko, wai sun bincika, su ba su haɗa jini da mahauta. Namana suna ci kullum, Bube. Har yau suna aikowa a saya. Ɗiyata ce ba su iya ɗauka." Ya share ido da bakin riga. "Wata shida yarinyar nan ba ta fita ƙofar gida ba. Tun ranar na ce duk wanda za shi auri ɗiyata, sai na ga hannunsa cikin farantina. Da anka ce mani wanga yaro bai ci, na ce to, ga wani ya sake dawowa."

Safara'u ta kifa kai a gwiwarsa tana shessheƙa. Ni kaina sai da na ɗora laifin hawayena a kan yaji.

"Ashe ba kai ka ƙyamata ba," ya ce da Armaya'u. "Hanjinka na."

"Shi ma ba ku kaɗai ba, Baba. Albasar Kawu ma bai gaishe ta."

Dariya ta ƙwace wa Ɗanmaliki, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Ya miƙa hannu ya ɗauki tsinken awara ɗaya da na rage, ya shinshina, ya gatsa. Ya tauna ya tauna, fuska a yamutse.

"Ke, wa ya koya miki gashi? Kin sa ta tsakiyar wuta ta bushe. Abin da ba shi da kitse nesa da garwashi aka kafa shi, ana shafa mai. Ɗiyar mahauci guda!" Ya jefar da tsinken. "Bube, bayan girbi, Juma'ar farko. Ka gaya ma mutanenku."

Armaya'u ya buɗe baki zai yi godiya, sai idonsa ya fito. Ɗanmaliki ya tura masa buta da ƙafa.

"Je ka, waliyyi. Ka sa mu cikin addu'a."

Kwana uku yaron ya yi a kwance yana shan kunun shinkafa. Kullum waya na kan ƙirjinsa, Safara'u tana faɗa. "Ka sha ruwa? Wallahi ka sake cin tozo don ni, sai na fasa auren!" Shi kuwa sai murmushi, kamar wanda aka yi wa albishir.

An ɗaura aure bayan girbi. Ɗanmaliki ya kayar da sa guda, mutanen Tambuwal suka ci har suka kwance tazuge. A gefen tukubarsa, can nesa da garwashi, ya kafa wasu tsinkaye daban, shi da kansa yake juya su, ba ya barin kowa ya taɓa. Da suka yi, ya jera a faranti ya kai wa ango da hannunsa. Armaya'u ya ci, ya sake ci, hanji bai ce uffan ba. Na ga Ɗanmaliki ya dafa kansa ya ce, "Ɗana." Har yau in ka je Kebbe ranar kasuwa ka ce a ba ka tsiren suruki, an san abin da kake nufi.

Ina zaune ina jiran rabona na waliyyin ango, sai ga Ɗanmaliki da kwano a rufe, ya dire a gabana cikin girmamawa, mutane na kallo. Na wanke hannu. Na gyara zama. Na buɗe.

Awara ce, cike da kwano.

"Kai kac ce ba ka taɓa cin nama irinsa ba," in ji shi. "Na ƙirji na, Bube. Can ciki-ciki."