Motar da Malam Jaji Ya Gwada

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna Bakoji ya shigo caji ofis ɗin Birnin Gwari a ƙafa, sandarsa a kafaɗa, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Bafulatani ne dattijo, shekara talatin rugarsa tana bayan gari. Ya ce ya ga gawa a gefen hanyar Kusasu, dab da bakin daji. Ko wurin zama ba a nuna masa ba aka tura shi sel.

Insifekta Abarshi bai yi mamaki ba. Shekararsa shida a garin nan, mamaki ya daɗe da ƙare masa. Yana cikin ɗaura igiyar takalmi Difi'o ya aiko kiransa.

"'Yan sa-kai sun fara taruwa a ƙofa," in ji Difi'o. "Sun ce shi ne. Ƙarfe biyu sojojin rakiya za su tashi da ayarin Kaduna. Zan sa shi a ciki, da takarda cewa ɗan bindiga ne."

"Yallaɓai, wanda ya yi kisa ba ya takowa da ƙafarsa ya kawo rahoto."

"To ka kawo mini wani kafin biyu. In ba haka ba, shi ɗin ne."

Abarshi ya san abin da takardar nan take nufi. Wanda ya tafi da ita, da wuya iyalinsa su sake ganinsa. Ya ɗauki hularsa, ya kira sajan, suka fita.

Mutumin yana kwance rub da ciki a cikin ciyawa. Da sajan ya juya shi sai ya yi salati a hankali, ya ce Malam Jaji ne, hedimastan wata firamare a cikin gari.

Babu ramin harsashi. Rauni guda ne a ƙeya. Wayarsa tana aljihu, agogonsa yana hannu, kuma kowa ya san mutanen daji ba sa barin waya. Abarshi ya durƙusa, ya ɗaga kafaɗar gawar. Bayan rigar mamacin ya yi dumu-dumu da baƙin mai da ƙasa, tun daga kafaɗa har ƙugu, hannunsa kuma yana warin fetur.

"Malam yana da mota ne?"

"Ina fa, Oga," in ji sajan. "Wata shida ke nan yana nema. Har dillalai sun fara ɓuya in suka hango shi."

A gidan mamacin mata sun cika tsakar gida. Matarsa Raliya ta fito zaure ta zauna a kan tabarma, idonta a bushe. Abarshi ya yi mata ta'aziyya, ta amsa kamar wadda ake karanta wa sunan wani.

"Wace irin mota yake nema?"

"Wadda za ta kwashe mu duka. Tun da aka tashi ƙauyensu Gwaska, mahaifiyarsa da 'ya'yan wansa huɗu suka dawo hannunmu. Mu goma ne yanzu. Ranar asibitin Inna sai an yi sawu uku a babur."

Ta ci gaba, tana faɗi kamar hadda.

"Ya ce kada ta sha mai. Ya ce ta zama mai tudu, saboda ramukan hanya. Ya ce wadda kayanta suke nan cikin gari, ba sai an aika Kaduna ba. Kuma kada ta yi ƙyalli. Mota mai ƙyalli a garin nan, kiran mutanen daji ne. Golf ta yi masa kaɗan. Siyana ya ce ta fi ƙarfin albashinsa, kuma ana kallonta."

"Jiya fa?"

"Jiya ya shigo yana murna. Ya samu Sharon a wurin Nababa dillali, fentinta ya koɗe, injinta lafiya, kujera bakwai. An ba shi ita ya gwada yini guda. Yara har suka shiga suka zazzauna, kowa ya zaɓi wurinsa. Bayan la'asar ya ce zai je gwajin mai."

"Wane irin gwaji?"

"Yadda yake yi wa kowacce. Ya cika tanki fal, ya yi tafiyar da ya san nisanta, ya dawo ya sake cikawa. Ya ce dillali zai iya yin ƙarya, famfo ba ya yi."

Filin Nababa yana bakin tasha, motoci tara a jere, kowacce da galan a kanta alamar ta sayarwa ce. Sharon ɗin tana can ƙarshe, ruwan toka, an wanke ta tas. Ita kaɗai ce babu galan a kanta.

Nababa mutum ne mai baki, wanda zai iya sayar maka da motar da ka zo a cikinta. Yau bakin ya mutu.

"Tun azahar ya dawo da ita, ranka ya daɗe. Ya ce ba ta yi masa ba."

"Matarsa ta ce bayan la'asar ya fita da ita."

"To, ƙila la'asar ɗin ce. Ka san rana."

Abarshi ya karɓi makulli ya shiga ya murɗa. Fitilu suka kama, inji ya ƙi tashi. Nababa ya leƙo, ya zura hannu ƙarƙashin kujerar direba ya danna wani ɗan maɓalli da aka ɓoye saboda ɓarayi. Motar ta tashi. Allurar mai ta hau har ta ƙure.

"Nababa, malamin firamare ya cika tanki, sannan ya dawo maka da mota ya bar maka man kyauta?"

Dillalin ya share goshi da hannun riga.

"Wallahi da safe na tarar da ita a nan, makulli a kan taya."

"Motar wa ce?"

"Ba ta sayarwa ba ce. Mai ita ajiya yake kawowa, don motar da ke cikin na sayarwa ba wanda ke tambayarta. Malam ya gan ta ya nace. Na ce a raina in ciniki ya yi kyau, mai ita ba zai ƙi ba. Haka sana'ar take."

"Sunansa."

"Ka kulle ni, ranka ya daɗe. Ina da 'ya'ya. Sel ɗinku ya fi mini faɗin sunan nan."

Abarshi ya dube shi, ya ga da gaske yake. Bai ɓata lokaci ba. Sha ɗaya ta wuce.

Gidajen mai uku suka zaga da motar. A na ukun, mai ba da mai, wani magidanci mai suna Suhaibu, yana ganin Sharon ɗin ya juya baya yana goge famfon da ba shi da datti.

"Ban taɓa ganinta ba."

"Malam Jaji ya rasu. An kashe shi jiya, bayan ya bar nan."

Tsumman ya faɗi daga hannun Suhaibu. Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Ya ce in cika," ya faɗa da ƙyar. "Ya ce lita saba'in take ci, ya tambaya ya tabbatar. Famfo ya wuce saba'in. Ya wuce ɗari. Sai da ya kai ɗari da arba'in ya tsaya. Malam ya zaci yoyo take. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa mai kyau ya shige ƙarƙashinta."

"Me ya gani?"

"Bai faɗa ba. Ya fito jikinsa a sanyaye. Ni ma na gane, Yallaɓai, shi ya sa na ji tsoro. An hana sayar da mai a jarka don kada ya isa daji. Wannan kuwa jarka ce mai taya huɗu."

Abarshi ya kwanta shi ma ya leƙa. Inda ya kamata safayar taya ta zauna, an yi waldar tanki na biyu, an shafe shi da baƙin fenti, an haɗa shi da na asali. Aikin mai hannu ne.

"Da zai tafi ya ce wani abu?"

"Ya ce bari ya kai wa Gambo ya gani."

Sajan ya san Gambo. Bakanike ne a bayan kasuwa, abokin Malam Jaji tun suna yara. Duk motar da Malam ya duba cikin wata shidan nan, sai Gambo ya leƙa ƙarƙashinta ya ce a saya ko a bari.

Suka tarar da shi zaune a kan tsohuwar taya, ya dawo daga jana'iza, hularsa a gwiwa. Abarshi ya tsayar da Sharon ɗin a bakin gareji, ya kashe, ya sake danna maɓallin nan kafin ya fito.

"Allah ya ba da haƙuri, Malam Gambo. An ce amininka ne."

"Tare muka tashi. Allah ya isa tsakaninmu da mutanen daji."

"Jiya ya zo wurinka?"

"Rabona da shi tun Juma'a."

"Wannan motar fa, ka san ta?"

Gambo ya dube ta sama-sama. "Sharon ai da yawa. Wannan dai ban taɓa taɓa ta ba."

"To taimaka mana. Akwai ƙarar da take yi. Hau da ita kan rami mu gani."

Gambo ya miƙe, ya karɓi makulli, ya zauna. Kafin ma ya sa makullin, hannunsa na hagu ya gangara ƙarƙashin kujera ya danna. Bai laluba ba, bai duba ba. Motar ta tashi bugu ɗaya.

Abarshi ya jingina da ƙofar.

"Ni sai da Nababa ya nuna mini."

Gambo ya kalli hannun nasa. Inji yana ta aiki. Can ya kashe motar da kansa.

"Da ya tambaye ni kafin ya ɗauka," ya ce, muryarsa ba hawa ba sauka. "Kowacce sai ya tambaye ni. Wannan kaɗai ya ce zai ba ni mamaki."

"Taka ce."

"Tawa ce. Bara mutanen daji suka ɗauke ƙanwata. Da suka sake ta suka ce saura aiki: mai, duk mako. Na fara don tsoro. Daga baya kuma ba tsoro kaɗai ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba."

"Jiya."

"Ya zo gab da magariba. Ya ce Gambo, zo ka ga abin da wani la'ananne ya yi, da man nan ake zuwa a ƙone ƙauyuka, da irinsa aka tashi Gwaska. Ya ce in raka shi wurinku. Na ce mu ɗan taka ta tukuna in ji injin. Muka fita hanyar Kusasu. Na faɗa masa gaskiya, na roƙe shi. Ya fita daga motar ya kama hanyar gari a ƙafa, ko waiwaye bai yi ba. Sifanar kwance taya tana hannuna, na bi bayansa."

Ya miƙa hannuwansa tun kafin sajan ya ciro ankwa.

"Ita ce ta dace da shi, ka sani," ya ce. "Da ba tawa ba ce, da na ce ya saya."

Biyu saura kwata suka iso caji ofis. Motocin ayari sun yi layi, sojoji suna kan tasu. 'Yan sa-kai suna nan a ƙofa da bindigoginsu na gida. Da suka ga wanda aka fito da shi da ankwa, hayaniyar ta mutu. Rabinsu shi yake gyara musu babura. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, ba wanda ya tambayi Bafulatanin da suka yini suna nema.

Difi'o ya karanta bayanin a tsaye, ya yage takardar farko, ya sa aka rubuta wata.

Aka buɗe wa Bakoji. Ya fito yana ɗingishi, leɓensa a fashe, ba a kuma san wanda ya yi ba, kamar kullum. A kantar ofis aka miƙa masa sandarsa. Ya tsaya yana kallon Gambo, wanda kurata biyu suke turawa cikin motar da tun farko shi Bakoji aka tanadar wa.

Abarshi ya rako shi har bakin titi. 

"Yallaɓai," in ji Bakoji, "hanyar nan nake bi da shanu kullum. In na sake ganin wani a kwance, in zo in faɗa?"

Amsar da aiki ya ce a bayar guda ɗaya ce, a ce masa ya zo, Abarshi kuma ya san ta. Ya dubi leɓen dattijon, ya kasa faɗa.

Bakoji ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai, ya saɓa sandarsa ya nufi bayan gari. Ayarin ya tashi da Gambo ƙarfe biyu daidai.