Ayuma Da Ɗan Mai Injin Katako

Ranar Asabar ce ta dashe, mutanen ƙauyukan bakin dajin Kakamega sun fito da fartanya da kwanduna. Ayuma na tsaye gaban ƙananan itatuwan da ta raina wata takwas a gandun ƙungiyarsu ta masu dashen itatuwa, tana miƙa wa kowa nasa, sai ta hango wani saurayi mai sabon takalmin roba ya tura dashe cikin rami har da ledarsa.

"Kai, bawan Allah! Itace ne wannan, ba gawa ba. Cire masa likkafanin."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Saurayin ya ɗago, shi ma yana dariyar kansa.

"To ki zo ki koya mini mana, Sarauniyar Daji."

Ta durƙusa ta nuna masa yadda ake yage leda ba a taɓa saiwa ba. Sunansa Shivachi, bai daɗe da dawowa daga karatu a Nairobi ba. Kafin ruwan la'asar ya kore su, ya dasa ashirin, ya kuma karɓi lambarta.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Sarauniya, hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage. Yaushe za a sake wahalar da ni?"

Ta amsa: "Asabar. Ka zo da tsohon takalmi, ɗan birni."

Sati shida suka yi a haka, sannan ya rako ta gida a babur. Mama Khasoa, mahaifiyarta, na shanya wake a tsakar gida. Ta dube shi sau ɗaya, ta ƙi amsa gaisuwarsa. Yana tafiya ta juyo.

"Kin san ɗan waye kika kawo mini ƙofa? Ɗan Muhati ne, mai injin katako. Goshin ubansa ne sak."

Ayuma ta san sunan nan sarai. Tana da shekara goma sha biyu lokacin da mahaifinta Ingosi, mai kiwon zuma a bakin daji, ya kai ƙarar masu sare manyan itatuwa a ɓoye. Yaran Muhati ne. Bayan kwana uku aka tsinci katako jibge a bayan gidan Ingosi, aka ɗaure shi shekara biyu da sunan ɓarawon daji. Ya fito da tari, bai ga wata damina ba.

"Zan rabu da shi yau," in ji Ayuma.

"A'a," in ji Mama, muryarta a sanyaye. "Ki riƙe shi. Ki bari ya kawo mini ubansa har cikin gidan nan, da shanunsu da dattawansu. Shekara goma sha ɗaya ina jiran mutumin nan ya zauna a inda zan ga idonsa."

Ayuma ta yarda, kuma da zuciya ɗaya ta yarda.

Daga ranar ta ƙara wa saƙonninta zuma. "Hasken idona, ka ci abinci?" take rubutawa, haƙoranta a cije. A wurin aiki kuwa ta ware masa fili mafi muni, tsohon wurin da aka sare, wanda gwaiba ta cinye ta hana komai tsiro. Ta ce sai an tumɓuke ta daga saiwa.

"Ni kaɗai?" ya tambaya.

"Ba ka ce kana sona ba?"

Ya tumɓuke. Tururuwa suka cije shi, tafin hannunsa ya fashe. Wata rana ta same shi yana ɗaure wani dashen itacen mutere da iska ta karya, yana lallashinsa kamar jariri. Ta yi saurin kau da kai, don abin da ta ji a ƙirjinta ba ya cikin shirin.

A can gidansu ma ba a huta ba. Muhati ya ce ɗansa ba zai auri 'yar fursuna ba. Shivachi ya ce to shi ma ba zai taɓa injin katakon ba har abada. Shi kaɗai ne ɗa namiji, dole tsohon ya sauko.

Ranar neman aure suka zo da shanu da dattawa. Mama ta yanka kaza, ta tuƙa tuwon masara, ta gayyato maƙwabta fiye da yadda aka saba. Kawun Ayuma ya sa aka kira ta, ya yi tambayar al'ada.

"'Yata, kin san baƙin nan?"

"Na san su, Kawu." Ta nuna Muhati da yatsa. "Wannan ne ya sa aka jibge katako a bayan ɗakin can. Shi ya ɗaure ubana, shi ya kashe shi. Ku kora shanunku, kada su ci ciyawar kabarinsa."

Loma ta maƙale a hannun Muhati. Mama na bakin ƙofa, hannu harɗe, ko ƙiftawa ba ta yi.

Shivachi ya miƙe a hankali. "Baba, gaskiya ne?"

Muhati ya ɗauki sandarsa ya fita.

Shivachi ya juyo wajen Ayuma. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka rako ni."

"Duk saƙonnin nan fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai ya bi bayan shanun.

Ranar Mama ta ci abinci har da ƙari. Ayuma kuwa ko taɓa abincin ba ta yi ba. Sati uku wayarta shiru. Amma duk safiya in ta je gandu, sai ta tarar an riga an cire ciyawa a filin gwaiba, an yi wa dashen shinge saboda awaki.

Ta kasa daurewa, ta rubuta: "Ban yi nadamar abin da na yi wa ubanka ba. Ko gobe zan sake. Amma kai ban san yadda zan yi da kai ba."

Ya amsa: "Ki zo taron mai gari ranar Talata. Ki zo da Mama."

Ashe makonnin nan yawo yake yi, har ya gano tsohon direban ubansa a kasuwar Shinyalu. A gaban taron jama'a direban ya miƙe ya ce shi ya ɗauko katakon, kuma ya faɗi wanda ya aike shi. Ido ya koma kan Muhati. Ɗansa na tsaye a gefensa.

"Baba, ka faɗa da bakinka, ko kuwa yau ka rasa ɗa."

Tsohon ya cire hularsa. "Ingosi ba ɓarawo ba ne. Ni na yi masa sharri."

"Ban ji ba," in ji Mama daga baya. "Kunnena ya tsufa wajen jira. Ƙara faɗa."

Ya ƙara, da ƙarfi, har sau uku. Mai gari ya ce maganar za ta wuce gaba wurin hukuma. Dattawa kuma suka yanke cewa gonar da Muhati ya yanko daga daji za ta koma daji, kuma da hannunsa zai haƙa ramin farko.

Ya haƙa kuwa, ranar Asabar, gwiwa a laka, Mama na zaune a kan kujera tana kallo tana cewa ramin bai yi zurfi ba.

Ayuma ta sami Shivachi a bakin rafi yana wanke hannu.

"Rabin saƙonnin ƙarya ne," ta ce.

"Ɗaya rabin fa?"

"Shi ya hana ni barci."

Ya yarfe ruwan hannunsa. "Kin yi mini ciwo, Ayuma."

"Na sani."

"To ki zauna kusa, ki yi jinya."

Bayan girbi aka ɗaura aure a cocin ƙauye, gangunan isukuti suka tashi har birai suka yi ta tsalle a saman itatuwa. Ƙungiya ta ba kowane baƙo dashe ɗaya ya tafi da shi. Muhati ya zauna can ƙarshen rumfa shi kaɗai. Mama ba ta gaishe shi ba, kuma ba ta taɓa gaishe shi ba har ya mutu.

Amma da ango ya durƙusa gabanta, ta kama tafin hannunsa ta juya, ta ga tabon da ke ciki, ta ɗora hannun 'yarta a kai.

"Ubanka na bar shi da Allah," ta ce. "Kai kuwa ɗana ne. Allah ya ba ku zuri'a mai tsoron zalunci. Ku tashi, abinci na hucewa."